Injin masu ciki a ƙirjina

Litinin, 14 Oktoba 2024
Na kauce ma amalanken hatsi a hanyar Dogarawa, moto, babur ɗina, ya kada ni. Haƙarƙarin dama ya bugu. Chindo maɗori ya ɗaure min. Gobe ina lakwal gaban ɗalibaina, in sha Allahu.

Talata, 15 Oktoba
Na shiga aji, na kasa ƙare karatu. Kalma ukku, sai in tsaya neman iska. Matata Barira ta ja ni likitar gari, ɗan asibitinmu, mace in ta sa kai sai haƙuri. Babban ma'aikaci ya yi tahiya. Wa na iske? Ummusalma ungozoma, wadda ni na koya ma riƙon alli! Wai in tuɓe riga ta ɗora min eko, injin da take duba masu ciki da shi. Ni Rabo, shekara hamsin da huɗu, a ɗakin awon mata? Na ce mata wata nawa take ganin cikina. Ba ta yi dariya ba, ta kira ni Mushe, yadda ɗalibai ke kiran malamin lakwal: "Mushe, numfashinku bai yi min ba." Na ɗauki hulata.

Laraba, 16 Oktoba
Ban tahi ba, kuma ba ni zuwa. Sallah daga zaune.

Alhamis, 24 Oktoba
Kwana takwas ban taɓa littafin ga ba.
Ranar Larabar nan, bayan azahar, ƙirjina ya cushe. Ummusalma ta biyo ni har gida, injin cikin jakarta. Ashe ɗan abu ne, tana haɗa shi da wayar salula. Na juya ma bango. Ta ce, "Ku zage ni daga baya, Mushe, yanzu ku ɗaga riga." Barira ce ta ɗaga, ni ban ɗaga ba, a rubuta wannan.
Ta shafa mai sanyi, ta ɗora a hagu. Wani farin layi tsakanin haƙarƙari, yana ta motsi kamar jerin tururuwa. Wai huhu ne ke goga ƙirji. Ta koma dama: layin na nan, amma tsit. Ta sake wuri, ta sake. Tsit. Ta ce iska ta tsere ta danne huhun, ya lotse. Na ji tsoro, wallahi.
Mota har asibitin Ƙonni. Sun yi hoton ƙirji, suka ce haka ne, suka sa min tiyo a gefe. Likitan ya ce da na ƙara kwana, da wata magana ake. Su likitoci da son ƙari.

Asabar, 26 Oktoba
A fadarmu ta hira abokina Sani ya tarbe ni: "Barka da sauka! Mace ko namiji?" Na ce ubanka. Duk suka kwashe. Su yi ta yi.

Laraba, 30 Oktoba
Hanya ce ta bi da ni ta likita, ba wani abu ba. Mata shida a benci da katunansu. Na zamna ƙarshen layi, har wata ta matsa min. Da na shiga ban jira a ce ba, na tuɓe. Ummusalma ta ɗora a dama. Layin yana motsi.
Ta kai hannu za ta kashe. Na ce, "Malama, ɗan dakata."
Na ja numfashi, na sake ja, ina kallo.