Zalɓen da Baba Ya Gani

Zuwa ga Gwaggo Rabi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwa? Ya Sani da iyalinsa? Mu nan unguwar Mahjar a Jidda lafiya lau, sai zafi da ya fara.

Gwaggo, kin san halin yayanki. Tun da aka yi masa aikin ido, duk wanda ya tambaye shi ko yana gani, amsa ɗaya ce: "Alhamdu lillahi." To ai ko lokacin da yake laluben bango haka yake cewa. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Ranar Juma'a bayan Asuba na ce, "Yalla Baba, mu je bakin teku ka sha iska." Muka shimfiɗa tabarma, fararen tsuntsaye na ta faɗawa ruwa suna cafkar kifi. Na hango wani abu can nesa, na ce, "Wa ya kafa sanda cikin ruwa?"

Ya ƙura ido, ya ce, "Ke Hafsatu, wace sanda? Zalɓe ne, ya tsaya da ƙafa ɗaya."

Bai rufe baki ba sandar ta buɗe fiffike ta tashi. Halas, sai hawaye suka ƙwace mini.

Allah ya amsa addu'arki, ki ci gaba da sa mu ciki. A gaida kowa da kowa. Baba na tambaya ko shamuwa ta sauka kan tsamiyar gida, don lokacinta ya yi. In ta zo, Sani ya turo hotonta. Ya ce ba labari yake so ba, da idonsa zai gani.

'Yarki,
Hafsatu