Karen Musye Essomba Ya Hana Ni Barci, Na Riga Na Sayi Maganin Ɓera

Hajiya Jaratu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini, don wallahi na kai maƙura. Matata Jiddah ce ke karanta filinki, ita ta matsa mini lamba in rubuto. Ni kam da ta ƙyale ni, da tuni an wuce wurin.

Ni mai tsire ne a nan Briqueterie, cikin Yawunde. Tukubar da nake tsayawa a kai ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, ya bar mana ni da wana Mohaman Bello. Shi ke zuwa mayankar Etoudi da safe ya sayo nama, ni ke riƙe wuƙa da wuta. Ina hura gawayi da la'asar, ba na tashi sai gab da asuba. In na yi salla na koma gida, barcin nan na safe zuwa azahar shi ne duk hutun da na mallaka a duniya.

Muna haya a wani bene ta wajen Messa, a hawa na biyu. Shekara da shekaru muna zaune lafiya, har bara da mai gidan, Alhaji Yuguda, ya ba wani ma'aikacin ofis ɗakunan da ke ƙasa da namu. Sunansa Musye Essomba. Ba ruwana da addininsa ko yarensa, rabin masu cin tsirena irinsa ne. Amma mutumin nan da kare ya zo. Ba ɗan kwikwiyo ba, Hajiya, ƙato ne baƙi wuluk kamar ɗan maraƙi, wai sunansa Biju. Kullum in zai tafi aiki sai ya fitar da shi baranda ya kulle ƙofa, barandar kuwa daidai ƙarƙashin tagar ɗakin kwanana take.

Da farko haushin jifa-jifa ne, in mai babur ya wuce ko mai tallan burodi ya yi kira. Ni kuwa ba na son fitina. Wata safiya da ya dame ni, na tuna akwai ragowar ƙashi da kitse da na zo da su daga tukuba, sai na buɗe taga na jefa masa. Ya yi tsit. Na ce alhamdu lillahi, ashe abin mai sauƙi ne. Tun daga ranar nake ware masa ƙasusuwa a leda, in ya fara in jefa masa ya yi shiru. Ki duba irin mutuncin da na yi wa dabbar da ko taɓa ta ba na yi. Amma kin san sakayyar da na samu? Yanzu ina sa kaina a matashi yake farawa, kai ka ce agogo aka ɗaura masa. In na jefa ƙashi ya yi shiru kamar na shan shayi, sai ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Akwai ranar da na tashi sau ba adadi, har ledar ta ƙare, ya ci gaba har aka kira azahar.

Na bi hanyar da iyayenmu suka koya mana. Ranar wata Lahadi na zaɓi tsire mai kyau, na naɗe a takarda da albasa da yaji, na sauka na ƙwanƙwasa masa ƙofa. Na gaishe shi da Faransanci, na yi masa bayani cikin ladabi. Ya yi dariya, ya ce Biju yaron kirki ne, shi bai taɓa jin yana haushi irin wanda nake faɗa ba. To yaya zai ji, yana can ofis cikin sanyin na'ura? Sannan a gabana, Hajiya, a gaban idona, ya warware takardar ya ɗauki tsinke biyu ya miƙa wa karen. Tsiren da manyan mutane ke ajiye mota su jira a layi. Ban san lokacin da na hau bene ba.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan ɗan lokaci sai ga Alhaji Yuguda ya kira ni, wai Essomba ya kai ƙarata. Wai ina zuba masa shara a baranda, ƙudaje sun cika masa gida, karensa na gudawa. Wai kuma matata na daka a kansa da magariba daidai lokacin da ya dawo zai huta. To ƙuli-ƙulin yajin a ina za ta daka shi, a kan titi? Shi da ke tara 'yan ƙungiyar garinsu ran Asabar su yi ta kiɗa da shewa har gilashin taga na girgiza, ban taɓa kai ƙararsa ba. Alhaji kuwa ya ce mu yi haƙuri da juna, ya shiga motarsa ya tafi. Shi dai haya ta shigo, can unguwar Madagascar yake kwana.

Abin da ya tabbatar mini akwai wata a ƙasa shi ne, da na je Ngaoundéré ta'aziyyar kawuna, Jiddah ta ce karen ya yi haushi kwana na farko da na biyu, daga nan ya yi lamo har na dawo. Ina dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Ke ki gaya mini, wannan ba turo shi aka yi ba? Abokina Haman ya rantse hannun wani ne a ciki, don akwai masu tukuba a layinmu da suka daɗe suna jin zafin cinikina.

Hajiya, rashin barci ya fara cin sana'ata. Na yi gyangyaɗi a tsaye har nama ya ƙone ƙurmus. Na yanke babban yatsana, ni da nake yanka tun ina ɗan shekara goma sha. Wani tsohon mai saye da ke zuwa tun zamanin babanmu ya ɗanɗana ya ce hannuna ya canza, yanzu a tukubar gaba nake ganinsa. Wana ya fara cewa in ban iya ba zai nemo wanda zai riƙe wuƙar. Tukubar ubana, saboda kare!

Don haka na je kasuwar Mokolo na sayi maganin ɓera, mai ƙarfin nan. Yana cikin aljihun rigar aikina. Niyyata in cusa shi a cikin tsoka mai kitse in jefa masa kamar yadda na saba, ya haɗiye kafin ya san me ake ciki. Ba na ɓoye miki, ina so in ga fuskar Essomba in ya dawo ya tarar da yaron kirkin nasa a miƙe. Ina so ya ɗanɗani baƙin cikin da ya ɗanɗana mini, ya kwana ido biyu kamar yadda nake wuni ido biyu. Jiddah na ta kuka tana cewa in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa, amma shi Essomba wa yake tsoro? Ki faɗa mini abin da ya rage ban yi ba.

Mai tsiren da barci ya ƙaurace wa,
Briqueterie, Yawunde

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Da farko ka gode wa Allah da ya ba ka Jiddah. Na biyu, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ka tashi ka ciro abin da ke aljihun rigar aikinka ka kai shi inda ba zai dawo ba. Rigar da kake yanka naman mutane da ita ba wurin ajiye guba ba ne, ko na minti ɗaya.

Kana da gaskiya a wurare da yawa, kuma ba zan rage maka ita ba. Barcin mai aikin dare haƙƙi ne. Kulle ƙaton kare a baranda tun safe har yamma zalunci ne ga maƙwabta, zalunci ne ga shi kansa karen. Musye Essomba ya yi kuskure da ya mai da kukanka abin dariya, Alhaji Yuguda kuma ya yi sakaci da ya tsaya a kan ku yi haƙuri.

Amma ba wanda ya turo maka karen nan, kuma ka bar Haman da rantsuwarsa. Sake karanta wasiƙarka. Kare ya yi haushi, taga ta buɗe, ƙashi ya faɗo. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ko ni ce Biju, abin da zan koya ke nan: in kana son nama, ka kira mutumin sama. Yana jin ƙamshin hayaƙi da kitse a jikinka tun kana hawa bene, ya san mai karin kumallo ya iso. Da ka tafi Ngaoundéré ya kira, ba a amsa ba, ya haƙura. Kai ka koya masa wannan haushin da hannunka, da kyakkyawar niyya, kuma abin farin cikin shi ne abin da aka koya ana iya warware shi.

Daga yau ko tsinke kada ya sake faɗowa daga tagarka. Ka shirya, kwanakin farko zai fi da haushi, don zai ɗauka ba ka ji ba ne. In ka karaya ka jefa sau ɗaya, ka koma farko. A wannan tsakanin ka mai da shimfiɗarka falo ko ɗakin da ya fi nisa da barandar, ka toshe kunne da auduga. In da hali ka roƙi wanka ya ba ka wurin kwanciya a gidansa na ɗan lokaci, ka gaya masa dalili. Wanda ya san kana gyara matsalar ba zai yi saurin neman mai riƙe wuƙa ba.

Sannan ka koma wurin Essomba, amma ba kai kaɗai ba. Ka sa Alhaji Yuguda ya zo, in ya yi nauyin jiki ka haɗa da mai unguwa. Ka sa Jiddah ta ɗauki haushin a waya wata safiya, a kunna masa ya ji da kunnensa, don mutumin bai taɓa kasancewa a gida a lokacin ba. Ka fara da naka: ka ce sharar da yake gani ƙasusuwa ne da kake jefawa don neman shiru, kuma ka daina. Gasasshen ƙashi da yaji na ɓata cikin kare, a nan ƙorafinsa na kan hanya. Ka nemi ya riƙa zagayawa da karen kafin ya fita aiki, ya bar shi cikin gida da ruwa maimakon baranda. Kai kuma ka ba da naka: a mai da dakan ƙuli-ƙuli bayan azahar, kai ka tashi, shi bai dawo ba. Kiɗan Asabar ma a sa masa lokacin tashi. In duk an yi wannan ya ƙi, sai ku kai maganar gaban hukuma, kana da shaidu kuma hannunka tsaf.

Batun tsiren da ya ba karen, na san ya yi maka ciwo. Sai dai ka sani, a wurin mutane irinsa kare ɗan gida ne, abin da suke ganin ya yi daɗi shi suke gutsura masa. Ba lallai ne wulaƙanci ya nufa ba. Ka gaya masa a zaman cewa a wurinmu abin da nauyi, ina kyautata zaton zai ji kunya.

Yanzu ga abin da fushi ya rufe maka ido a kai. Kashe dabba da guba alhaki ne da za a tambaye ka, kuma naman da ka jefa ba ka da tabbacin bakin da zai shiga. Ko a nan duniya ma, Essomba ya riga ya gaya wa mai gida wanda ke jefo abu a barandarsa, ba sai an yi dogon bincike ba. Kafin la'asar maganar ta zagaye Briqueterie, kuma ba za a ce wani ya kashe kare ba. Za a ce mai tsiren nan ya iya cusa guba a cikin nama yadda ba a ganewa. Essomba zai yi kukansa ya sayi wani karen. Kai kuwa za ka hura wuta, ka jera tsire, ka tsaya har gari ya waye ba wanda ya miƙo hannu. Wanda ya koma tukubar gaba saboda nama ya ƙone zai dawo in hannunka ya dawo. Wanda ya gudu saboda guba ba ya dawowa, kuma da sunan mahaifinku zai riƙa kwatanta wurin.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya mayar maka da barcinka, ya sa albarka a wuƙarka da wutarka. Ka gaishe mini da Jiddah da kyau.

Hajiya Jaratu