Na Sauke Allon Shagon Babana

Malam, don Allah ka taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Babana mai gyaran agogo ne. Shekara talatin allon shagonsa yana ɗauke da irin haruffan nan na da, masu kauri, kowanne da faffaɗar ƙafa kamar an ɗora shi a kan bulo. Shi ya zana su da hannunsa. Ni kuma zane na karanta, da kwamfuta nake aiki, kullum na kalli allon sai kunya ta kama ni. Ƙawayena ma cewa suke kamar tallar tsohon fim. Da aka kwantar da shi asibiti aikin ido, sai na sa aka sauke allon, na ɗora sabo mai siraran haruffa. Wallahi nufina in faranta masa. Tsohon allon kuwa na ba kafinta ya yanka ya yi mana kanta.

Ranar da ya fara fitowa shi kaɗai, ina kallonsa ta gilashi ya wuce ƙofar shagon har sau biyu yana ɗaga kai, sai da wani tela maƙwabcinmu ya kamo hannunsa. Bai yi faɗa ba, ya dai ce allon ya yi kyau. Tun ranar bai sake zuwa ba, wai ƙafa ke damunsa. Da ya tambayi tsohon allon na ce ruwan sama ya lalata shi. Yanzu ko gaishe shi zan yi, a tsaitsaye nake yi in wuce. In faɗa masa gaskiya?

'Yar mai agogo

Amsa:

'Yata, ƙawayenki ba su yi ƙarya ba, tallar tsohon fim ɗin ce. Sai dai masu sinima ba wawaye ba ne. Sun zaɓi waɗannan haruffa don wanda ke tsallaken titi ya karanta ba tare da ya tsaya ba. Kaurin da faffaɗar ƙafar ke hana harafi narkewa daga nesa, ko a idon da ya gaji. Aibinsu ɗaya, ba su iya magana a hankali ba. Ki cika shafi da su, mai karatu zai ji kamar ana masa tsawa. Siraranki na kati ne da takarda, ba na saman ƙofa ba.

Niyyarki ba ta da laifi, shago yana son sabon hannu. Laifin yana ga ƙaryar ruwan sama. Mutumin da ke gane agogon da ya makara da minti ɗaya, kina tsammanin bai gane ki ba? Ƙafarsa lafiya lau. Gani yake tare da allon aka sauke shi.

Ki same shi a gida, ku biyu, ki faɗa masa komai, har da maganar kanta. Kuma kada ki buga masa irin haruffan da kwamfuta, ko da yake suna nan birjik. Ki kai masa sabon katako da fenti, ki ce ba ki iya ba, ya koya miki. In idonsa bai kai ba, ke ki riƙe burushi, shi ya riƙa gyara ki. Zai ce ƙafar harafin ta karkace ko da ba ta karkace ba. Ki gyara kawai.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya dawo da shi bencinsa na gyaran agogo.