Robar da Na Ɗauko a Tsibiri

Unguwar Aziziyya, Laraba da dare, 13 ga Janairu 2010

"Rabin sa'a kawai, Umma, sai mu je cin kifi." Haka Hanan ta ce da jirgin ruwanmu ya tsaya a wani tsibiri mai itatuwan kwakwa. Har azahar ina bin ta cikin rana da baƙar abaya, idonta na kan na'urar nuna hanya, tana neman ɗan akwatin da wasu marasa aikin yi suka ɓoye don matafiya su nemo. Ni da na haife ta, ko waiwayo ban samu ba.

Na zauna hutawa a gindin wata bishiya, sai ga abin a tsakanin saiwoyi. Robar abinci ce irin ta kicin ɗina. Don haushi na jefa ta a jaka, na ce bari ita ma ta ɗanɗana jira. Ina shirin fito da ita jirgi ya yi kira, muka ruga.

Yau a gida ta ce, "Halas, shi ke nan, Umma, ni ce ban iya ba. Na ɓata miki yini a banza, ki yafe mini." Har da sumbatar goshina. Robar kuwa tana ƙarƙashin zannuwana, da ɗan kunkurun katakon da na tarar a cikinta.

Wallahi har yanzu ina jin haushinta, amma ni ce ɓarauniyar. Na ba kaina zuwa Juma'a bayan la'asar in faɗa mata gaskiya. Idan bakina ya ƙi buɗewa, zan zuba dabino a robar in ajiye mata a gabanta.