Takardu Tara, Gona Ɗaya

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Mama da gwiwar nan tata. Yaya sharar gona?

Yaya ya ce kana ta tambaya, wai wane irin binciken noma ne wannan da ba ya kai mutum gona. Aikin tankaɗe ne, Baba. Mun tattaro duk abin da masana suka rubuta kan yadda manoma ke fama da rikicewar damina, takarda dubu biyu da ɗari uku. Tun kafin mu buɗe ko ɗaya muka rubuta ƙa'idar wadda za ta shiga da wadda za a ajiye, don kada son rai ya yi mana zaɓi. Wata huɗu ina zaune a ofis mai taga ɗaya, fanka na kaɗa mini zafi, har goma sha ɗaya suka rage.

Tara daga ciki bakinsu ɗaya: sabon irin masara mai nuna da wuri ya fi tsohon iri idan damina ta gajarta. Na san tsakaninka da tsohon irinka sai Allah, amma bana ka ji maganar autarka. Tara ba wasa ba ne.

A gaida kowa.

'Yarka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Da nauyin zuciya nake wannan rubutu.

A ƙa'idar aikinmu, dole mutum na biyu ya bi sawun na farko. Abokiyar aikina, wadda muke kira Bin-Diddigi don ko wasali ba ya wuce ta, ta jera takardun nan tara a tebur, ta duba inda aka yi kowane gwaji da shekararsa. Bakwai daga gona ɗaya suka fito, ta wata tashar gwaji mai rijiyar burtsatse. In ruwa ya ɗauke, famfo suke buɗewa. Gwaji guda aka yanka gida bakwai, kowane kashi aka buga shi da sabon take. Ni kuwa takardu na ƙirga, ban ƙirga gonaki ba. Sauran biyun cikin taran ma ƙasarsu laka ce, mai riƙe laima, ba yashi irin tamu ba.

Gaskiyar magana, babu wanda ya gwada irin nan a inda ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina kamar wajenmu. Azarɓaɓi na yi, na rubuto maka tun ba ta gama dubawa ba, don ina so ka ga karatuna ya yi rana. Rahoton ofis na gyara shi a yini ɗaya. Gonarka ce ke damuna. In ba ka shuka ba, don Allah ka dakata.

Taka,
Auta

Babana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jaje.

Wasiƙar Yaya ta iso. Ya ce tawa ta same ku kwana goma bayan shuka, kuma gonar duka ka shuke da sabon irin. Ya ce maƙwabta huɗu sun bi ka, don ba su taɓa ganin ka sake iri ba. Sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara, daidai lokacin da masarar ke shirin goyo, duk ta bushe. Masu tsohon iri tasu ba ta kai nan ba, ta jira ruwa, ga shi ta farfaɗo.

Abin da ya fi taɓa ni, Yaya ya ce da mutanen nan suka zo tambaya, ka ce ra'ayinka ne kai kaɗai, ko sunana ba ka ambata ba. Shekara arba'in ana zuwa ƙofarka tambayar ranar shuka, yanzu an koma ƙofar wani. Da faɗa ka aiko mini, da ya fi mini sauƙi.

Ina nan tafe ranar Asabar da littafi da ma'auni. Zan auna gonakin nan biyar, in rubuta abin da ya same su dalla-dalla, don wanda zai yi tankaɗe bayana ya sami ko takarda ɗaya daga ƙasa irin tamu.

Amma kafin awo, ka tara mini su huɗun a ƙofar gida. Na san za ka ce a bar kaza cikin gashinta. Kada ka hana ni, Baba. Sun amince ne saboda kai, kai kuma saboda ni. Da bakina zan gaya musu wanda ya yi ƙirgen.

'Yarka mai neman gafara,
Auta