Sunan Idi Bai Samu Jela Ba

Angona Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya Yamai, ya aiki, ya mai ɗakinka? Mu a Madarumfa lafiya, sai dai hankali a tashe.

Katin auren ƙanwarka da ka tsara ya iso. Sunayen dangin ango duk ka yi musu lanƙwasa da jela, na ƙanen ubanku Idi kuwa ƙanana, tsaye ƙiƙam. Ya maido goro, ya ce, “Inna, su nemi wani waliyyi.” Na ce masa nasa katin na musamman yana hanya.

Saura kwana huɗu. Aiko guda, jelar sunansa ta kai garin Gabi, kada a kama tsohuwa da ƙarya.

A taya mu addu'a. Gaida yara.

Kakarka, Tabawa