Layin da Ya Fi Kowanne Tsawo a Jikin Ƙofa

Buckeye Hollow, 9 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Twyla,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya jego? Yaya mijinki Curtis, ya samu barci kuwa, ko har yanzu yana zagaye gadon jaririya kamar mai gadi? Ni lafiyata lau, sai tarin nan da na kwaso a ramin kwal, shi ma tun ranar Talata ya ji kunya ya lafa.

Ina cikin lambu ina tsinkar ragowar tumatir Curtis ya kira. Da ya ce mace ce, kuma sunan mahaifiyarki kuka sa mata, Oleta, ban san lokacin da na zauna daɓas a kan kunyar tumatir ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Daga nan na shiga mota da ƙasa a wando, na tafi shagon Hobart inda muke shan kofi. Yana ganin idona ya ce, "Delmer, wa ya mutu?" Na ce, "Ba wanda ya mutu, tsohon banza, jika na samu!" Ya ce, "To Allah ya sa ba hancinka ta ɗauko ba, don yarinya ba ta yi wa kowa laifi ba." Duk wanda ya shigo shagon ranar, ni na saya masa kofi, har da wani baƙo mai neman hanya.

Na san akwai waya. Amma shekara sittin da takwas na yi ban iya rubuta wa kowa komai ba, sai bayan rasuwar mahaifiyarki na shiga ajin manya na yamma a ɗakin karatu. Yanzu da malamarmu Misis Pruitt ta buɗe min ido, ba zan bar labari irin wannan ya tafi a iska ba. Ki adana takardar nan, wata rana yarinyar ta ga hannun kakanta.

Ga wani abin farin ciki kuma na sa miki a cikin ambulan. Jaridar gundumarmu ta buga wasiƙata! Kin san dokar nan da ake ta surutu a kanta, wadda za ta tilasta wa mutum ya kulle bindigarsa a gidansa. Na rubuta na ce ban yarda ba, tsarin mulki ya ba mu haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa, kuma ni da idona na karanta wurin, kalma ashirin da bakwai, ba wani ya faɗa min ba. Sunana na nan a ƙasa, ba kuskure ko ɗaya.

Ki kawo min jikata bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, mu ci talotalo kamar yadda aka saba. Kafin nan ki aiko min da tsawonta, in ja mata layi a katakon ƙofar kicin, inda mahaifiyarki ta riƙa auna ku ke da ƙanenki Wendell.

Ki gaida Curtis, ki sumbatar min ƙafar 'yar ƙarama.

Babanki mai murna,
Delmer Sizemore

Buckeye Hollow, 1 ga Oktoba

'Yata Twyla,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku ku uku. Ina fata ta fara bari ki runtsa. Hotonta ya iso, na liƙa shi a jikin firji. Hobart ya duba ya ce an tsira, ba hancina ba ne.

Takardarki ma ta iso. Sau huɗu na karanta ta, don na ɗauka ko karatuna ne ya gaza. Kin ce kin yi alfahari da rubutuna, na gode. Amma kin ce Oleta ba za ta shigo gidan nan ba muddin bindigar tana rataye a saman ƙofa da harsashi a cikinta. Kin ce in ina son ganinta, in taho wurinku a Columbus.

Twyla, kin san likita ya hana ni dogon tuƙi, kuma kin san ba wannan ce maganar ba. Ina so ta kwanta a ɗakin da aka haifi uwarta. Ina so in ɗauke ta in fita da ita baranda ta ga dutsen da kakarta take kallo kullum.

Na san aikinki. Shekara goma sha ɗaya kina jinya a sashen yara, kin ga abubuwan da ba ki faɗa mana. Ban raina wannan ba. Amma ki duba nawa gefen. Bindigar nan ta mahaifina ce. Shi ya kafa ƙahonnin barewar da take kai, shekarar da ya gina gidan. Daga nan zuwa ofishin 'yan sanda tafiyar minti arba'in ce in hanya ta yi kyau. Lokacin yajin aikin da muka yi wata tara ba albashi, naman da kuka ci ita ta kawo. Yanzu kuma wani ɗan siyasa mai ɗaure wuya da bai taɓa hawa dutsen nan ba zai gaya min inda zan ajiye ta a gidana?

Na kai maganar shagon Hobart, kuma na yi da na sani. Hobart ya ce, "Yau su ce a kulle ta a akwati, gobe su zo su ɗauki akwatin gaba ɗaya. Birni ya cinye maka 'ya, Delmer." Matarsa Jolene tana goge kanta ta ce, "Kai rufe mana baki, wanda ya harbi tayar motarsa da kansa shi ne zai ba da shawara?" Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ban ji daɗin yadda ya ambace ki ba, na ajiye kofina na fito.

Abin da nake so ki tuna shi ne wannan. Ke da Wendell a ƙarƙashin bindigar nan kuka tashi, kuna shiga kuna fita. Na koya muku ba a taɓa ta, kuma ba ku taɓa ba. Mahaifiyarki ta zauna da ita shekara arba'in da ɗaya. Me ya taɓa faruwa? Ba komai.

Ki sake tunani, don Allah. Ni dai na riga na yi wa Jolene maganar talotalo babba na bikin Godiya.

Kin ce tsawonta inci ashirin. Zan ja mata layinta ko kun zo ko ba ku zo ba.

Babanki da ke kewarku,
Delmer

Buckeye Hollow, 19 ga Oktoba

'Yata,

Ina gaishe ku. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun yau.

Shekaranjiya da hantsi na ɗauko abin awo da fensir, na sa sabon tabarau, na durƙusa a gindin ƙofar kicin. Na auna inci ashirin daga ƙasa, na ja layi, na rubuta Oleta ƙarama. Sai idona ya kai kan rubutun mahaifiyarki. Layukan nan na san su kamar tafin hannuna, amma rubutun da ke gefensu tun da can ado ne a wurina. Bayan ta rasu kuma ba na iya kallon wurin, sai na rataye tsohuwar rigar sanyina a kai.

Na fara karantawa daga ƙasa, ina miƙewa a hankali. Wendell, shekara uku, bayan ƙyanda. Twyla, shekara biyar, haƙori ya fita. Ina karantawa ina dariya ni kaɗai. Ashe duk shekarun nan hira take yi a jikin katakon.

Kin san layin nan na can sama, wanda ya wuce har na Wendell yana ɗan shekara goma sha bakwai? Na daɗe ina zaton kuskure ne. Sai da na jawo kujera na hau kafin in ga rubutun, don ƙanana ne sosai. Ga abin da ta rubuta, na kwafe shi harafi da harafi:

"Twyla, shekara shida, a kan kujera. Hannunta ya kai nan. Ta sauko da bindigar, ta saita Wendell, ta ja kunama. Babu komai a ciki, na cire da safe. Na gode wa Ubangiji. Delmer ba zai karanta ba."

Ban san yadda na sauko daga kujerar ba. Ita ce fa wadda kika hau, kujerar nan mai koren fenti.

Jiya na tafi wurin innarki Verna. Ta dube ni ta ce, "Ka gani ke nan." Ta zuba min wake da burodin masara, ban iya ci ba. Ta ce tun ranar da kika fara rarrafe, kullum in motata ta sauka gangare zuwa ramin kwal, mahaifiyarki takan cire harsashin ta sa a aljihun rigar girkinta. In ta ji ƙarar motar da yamma, sai ta mayar. Kullum, har Wendell ya gama makaranta. Na ce me ya hana ta gaya min? Verna ta ce, "Ta gaya maka sau ɗaya, Delmer. Ka ce bindigar da ba harsashi sanda ce, ka ɗauki hularka ka fita. Ranar abin kuma ta ji tsoron ka daki yarinyar, ko ka kasa yafe wa kanka. Ba ta san wanne ya fi muni ba."

Na tuna na faɗi maganar nan. Na sha faɗinta a shago ana tafa min.

Na rubuta miki cewa ba abin da ya taɓa faruwa. Na rubuta cewa na koya muku kun kuma ji. Ashe ba koyarwata ce ta tsare ku ba, aljihun mahaifiyarku ne. Shekara da shekaru ina barci ina jin ni ne mai gadin gidan nan.

Twyla, kina tuna ranar? In ba ki son magana, kada ki yi. Amma ki sani ba ki yi laifi ba. Yarinya 'yar shekara shida ta ga abin da babanta yake so fiye da komai, ta hau ta ɗauko. Wanda ya rataye ta a can shi ne da laifi.

Babanki,
Delmer

Buckeye Hollow, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata Twyla,

Gaisuwa da so mai yawa gare ki da Curtis da uwargida ƙarama. An ce ta fara murmushi. Ki gaya mata ta rage min kaɗan.

Na gode da takardarki. Kin ce kina tunawa, har yanzu kina jin ƙarar kunamar nan, ƙas, da yadda Wendell ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne. Kin ce duk shekarun nan kin zaci na sani, na kuma bar ta a wurin. Wannan layin ya fi komai yi min ciwo. Ban sani ba, 'yata. Amma da na saurari mahaifiyarki sau ɗayan nan, da ba ki ɗauki wannan nauyi ke kaɗai shekara talatin ba. Ki yafe min.

Ki taɓa ƙasan ambulan, za ki ji wani abu mai tauri. Makulli ne. Na sayi akwatin ƙarfe, ni da Hobart muka shigo da shi ɗakin baya, yana nishi yana zagina. Bindigar mahaifina na ciki, da tawa ta farauta, harsashi kuma yana wani wuri dabam. Makulli biyu aka ba ni, duka biyun na sa miki. Ki taho da su in za ki zo.

Kin san ranar Litinin ta makon Godiya ake buɗe farautar barewa, ku kuma sai Laraba za ku iso. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban taɓa rasa ranar buɗewa ba. Hobart ya ce, "Za ka aika makullin bindigarka ta gidan waya? Barewa ma za su yi maka dariya!" Na ce su yi, ni akwai abin da nake jiran ɗauka da ya fi bindiga. Daga baya sai ya tambaye ni nawa akwatin yake. Jikokinsa uku suna zuwa duk Asabar.

Kada ki ɗauka na koma jam'iyyarku. Har gobe ba na son gwamnati ta leƙa min ɗaki, kuma ban san yadda zan yi da maganar dokar nan ba. Ke za ki ce ba kowane gida ke da mace irin mahaifiyarki ba, kuma ba ni da amsar wannan tukuna. Mu yi gardamar a kan talotalo, Curtis ya raba mu. Ni dai ba doka ce ta sa na kulle ba, matata ce ta gaya min, na makara wajen ji.

Ƙahonnin suna nan a saman ƙofa ba komai a kansu. Verna ta saƙa wa yarinyar hular sanyi ja, na rataye ta a can tana jira. Na wanke bargon da aka lulluɓe ki da shi, na gyara gadon jarirai, ƙafa ɗaya ce kawai take girgiɗi.

Abu na ƙarshe. Na so in shafe rubutun nan da fenti kafin ku zo, har na buɗe gwangwani. Sai na ga ba ni da ikon rufe mata baki karo na biyu. Na bar shi yadda yake, in Oleta ƙarama ta iya karatu ta karanta. Na dai sake hawa koriyar kujerar da fensir, na ƙara layi ɗaya a ƙasan nata, da mafi kyawun rubutun da zan iya: Delmer ya karanta.

Ku tuƙa a hankali, kwanar gadar nan tana santsi in an yi ruwa. Zan kasance a baranda tun safe.

Babanki, kakan Oleta,
Delmer Sizemore